Yadda ake koya wa shuga gilaida dirowa a hannun mai shi

Shuga gilaida ɗan mitsitsin dabba ne da ke zama daram a tafin hannu, nauyinsa tsakanin giram 90 zuwa 150. Wanda ya fara ganinsa zai rantse kurege ne, alhali dangin kangaru ne, a jakar cikinta uwar take rainon ɗanta. Asalinsa dazuzzukan Ostireliya da tsibirin Niyu Gini, kuma yawancin waɗanda ake kiwo a gidajen Amurka jikokin waɗanda aka kwaso ne daga yankin Sorong, a ɓangaren Niyu Gini da ke ƙasar Indonesiya. Yana da wata fata mai laushi a kowane gefe, daga ƙaramin yatsan hannu har zuwa ƙafar baya. In ya daka tsalle ya baje gaɓoɓinsa huɗu, sai fatar ta buɗe, ya sulale a kan iska yana juya akala da wutsiya. A daji yakan ci mita 50 daga wata bishiya zuwa wata.

Wannan shawagin da shi aka haife shi, ba mai koya masa. Abin da kake koya masa shi ne ya ɗauke ka a matsayin bishiyar da zai sauka a kai. Kafin komai kuma ka san dokar inda kake, domin a jihohin Kalifoniya da Alaska da Hawai na Amurka an hana ajiye shi a gida.

Sai ya san warinka tukuna

Da hanci wannan dabba yake gane nasa. Namijin yana da wani ɗan sanƙo a goshi da wani tabo a ƙirji, da su yake shafa wa 'yan garkensa wari, duk wanda ba ya ɗauke da warin baƙo ne. Saboda haka ka sami ƙyallen ulu mai laushi wanda ba ya zare, kamar faɗin tafin hannu, ka sa shi cikin rigarka yini guda, sannan ka jefa a jakar da yake barci. Kana sauya shi duk bayan kwana biyu ko uku. Da rana, lokacin da barci ya yi masa nauyi, ka sa shi a jakar rataye mai zik da ragar shan iska, ka rataya a wuya ta cikin riga na awa ɗaya zuwa biyu. Ka ajiye turare da sabulu mai ƙamshi a waɗannan makonni, suna rufe warin da kake so ya haddace.

Farkon lamari zai yi ta wani gurnani mai ƙara kamar injin da ya shaƙe, ya miƙe a ƙafafun baya, wani lokaci ya kai cizo. Tsoro ne. Kada ka fizge hannu, kada ka buge shi, in ya ga cizo yana korar ka ya sami makami. Ɗan da ya yi mako 8 zuwa 12 da fitowa daga jakar uwa yakan saba cikin 'yan makonni. Babba da ya sha wuya a hannun wani yana iya cin watanni. Alamar an kai ga fara horo ita ce ka sa hannu a keji ya hau da kansa, ya lashi abu a yatsanka ba gurnani. In ba a kai nan ba, duk abin da ke ƙasa ɓata lokaci ne.

Wuri da lokaci

Dabban dare ne, da rana a mace yake da barci. Ka jira ya farka da kansa bayan magariba ko isha, ya yi fitsari da kashi, sai ka fara kafin a ajiye masa abincin dare, lokacin da yunwa ke ɗan cizonsa. Minti 10 zuwa 15 sun isa. A rage haske sosai, don manyan idanunsa ba sa son ƙwan lantarki mai ƙarfi.

Masu kiwonsa sukan kafa ƙaramin tanti a cikin ɗaki su shiga tare da shi. Gidan sauro irin mai tsayawa da kansa, wanda ke da shimfiɗa a ƙasa da zik, yana yin wannan aikin. Amfaninsa ba shi da wurin ɓuya sai jikinka. In a buɗaɗɗen ɗaki ne, a kashe fanka, musamman ta sama, a rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a fitar da kyanwa da kare. Ruwa kuma babban makashinsa ne: a rufe murfin masai, a kife bokiti, domin in ya faɗa ba ya iya fitowa.

Lada ya zama abin da ba ya samu sai a wurin horo. Tsutsar gari da ake sayarwa don tsuntsaye ita ce ta fi jan hankalinsa, amma kitse gare ta, uku ko huɗu a dare sun wadatar, kuma gara a raba kowace ɗaya gida biyu. Ana iya ɗiga yogot marar sukari ko ɗan zuma a kan yatsa, ko yankan gwanda kamar ƙwayar wake. Cakulan, albasa, tafarnuwa da duk abin da ke da gahawa kada su kusance shi. Ƙwarin da aka kama a tsakar gida ma a bar su, ba a san maganin feshin da suka ci ba.

Daga taku zuwa tsalle

Zaɓi kira ɗaya, ko ɗan tsaki da harshe ko sunansa, da alama ɗaya, wato buɗe tafin hannu ko bubbuga damtse da yatsa biyu. Kowa a gidan ya yi amfani da su, kada a canja.

Ɗora shi a wuri mai ɗan tudu da zai iya riƙewa, kamar saman keji ko labule mai kauri. Manna hannunka da wurin, ladar tana bayan tafin ta yadda sai ya tako kanka zai kai gare ta. Yi kiran. Da ƙafafunsa huɗu sun hau, ba shi nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka tsaya lalube a aljihu, ba zai haɗa hawan da ladar ba. Mayar da shi, a sake, sau biyar ko shida. Haka za a yi dare uku ko huɗu.

Daga nan sai ka ja hannu baya santimita 5. Zai miƙe jiki ya kamo ka da hannuwa, ƙafafun baya suna maƙale a inda yake. Wannan ha'inci ne, kada ka biya shi sai ya saki. A santimita 15 zuwa 20 miƙewa ba ta kai shi, dole ya yi ɗan tsalle, kuma a nan ne yawanci ake tsayawa cak. Za ka ga ya tsugunna a bakin wurin yana kaɗa kai hagu da dama, sama da ƙasa. Auna nisa yake yi. A wannan lokacin hannunka ya zama kamar an dasa shi. Mai gaggawa yakan matso don ya taimaka, ko ya ja baya don ya ƙara nisa bayan dabban ya riga ya taso, sai ya faɗi ƙasa, kuma faɗuwa ɗaya irin wannan tana iya rushe aikin mako guda. Ƙa'idar ita ce kada ka ƙara tazara sai ya yi tsalle biyar a jere ba jinkiri, in za ka ƙara kuma kada ta wuce tsawon tafin hannu. In ya ƙi sau biyu, koma nisan jiya, ka rufe daren da nasara.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tudu. Ba tsuntsu ba ne, in yana kan iska ba ya ƙara yin sama, gangarowa kawai yake yi: kusan duk mita biyu da ya ci gaba, ya sauka mita ɗaya. Don haka da tazara ta wuce rabin mita, dole wurin tashinsa ya fi hannunka tsawo. In kana so ya buɗe fatar sosai, ɗora shi a saman ƙofa ko sandar labule, wajen mita biyu daga ƙasa, kai kuma ka durƙusa ko ka zauna mita biyu daga nan, da katifa ko bargo a tsakaninku. Yanzu tafin hannu ya yi masa ƙanƙanta. Ba shi ƙirji ko damtse, cikin riga mai kauri da dogon hannu wadda farce zai kama. Gab da sauka zai ɗaga gaban jikinsa ya rage gudu, ya dafe ka da ƙafafu huɗu lokaci guda. Kada ka cafke shi a iska, kuma kada ka riƙe shi ta wutsiya.

Wurga shi sama don a ga ya buɗe, kamar yadda ake gani a wasu bidiyoyi, ba horo ba ne. Zai buɗe ɗin, don ba shi da zaɓi, amma abin da ya koya shi ne hannunka wurin haɗari ne.

Inda ake samun matsala

Dirowa a fuska ta fi kowace yawa, domin kai ne wuri mafi tudu a jikinka. Ka riƙe hannu ya fi kanka kusa da shi, ka ɗan kawar da fuska, ka sa tabarau a makonnin farko. In ya sauka a fuska, sauke shi a hankali ba lada.

Farce in ya yi tsawo yakan sarƙe a tufa, dabban ya yi ta fizga har ya ji ciwo a yatsa. Duk mako biyu zuwa uku a datse tsinin kawai da abin yanke farcen jarirai, da rana yana magagin barci, da garin sitaci a kusa ko da jini zai fito. Yatsu biyun nan da ke manne da juna a ƙafar baya, da su yake taje gashi, ba a taɓa su.

Wanda kuma ya saba tsalle sai ya daina, ko yana jan ƙafafun baya, ko yana rawar jiki, ko riƙonsa ya yi sanyi, ba taurin kai ba ne. Sau da yawa ƙarancin sinadarin kalsiyam ne ya lalata ƙashi, abin da ke faruwa in abincinsa ya zama 'ya'yan itace da tsutsa da masara zalla; ana so kalsiyam ya ninka sinadarin fosfaras sau biyu a abincin. A dakatar da horo, a kai shi wurin likitan dabbobi da ya san irinsa a ranar. Ƙiba ma tana hana shi: taɓa gefen fatar shawagin, in ka ji ta yi kauri da dunƙulen kitse, lada ta yi yawa. Sanyi kuma yana sa shi ya yi lis kamar marar lafiya, ɗakin da ke tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos ya fi masa.

Da yake a garke yake rayuwa, ba a ajiye shi shi kaɗai, aƙalla biyu. Amma a horo a fito da su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba mai ƙarfin hali zai cinye ladar duka, ɗayan ya zama ɗan kallo. Waje kuwa, ko ya shekara yana amsa kira, kada a gwada: ƙara ɗaya ta firgita shi ya haye bishiya, mujiya da kyanwar maƙwabta sun fi ka saurin isa gare shi. Igiyar ɗaurawa a jiki ma ba mafita ba ce, tana bi ta kan fatar shawagin ta yage ta.