Yadda zaka rage ƙiba da ƙidayar kalori alhali kana tunanin tiyatar rage tumbi

Ranar da likita ya fara ambata min tiyata, abin da ya fara zuwa raina shine toh shikenan na huta da wahalar rage cin abinci tunda wuƙa zata yi min aikin. Ashe ba haka bane, kafin in fita daga ofishin sai da ya turani wajen masaniyar abinci, ita kuma ta miƙo min takardar tsarin cin abinci na ƙarancin kalori tace in fara daga gobe. Nace ai ni maganar tiyata nazo yi. Tace eh, hanyar kenan, ko an yi aikin ko ba a yi ba sai ka bi ta nan.

Fara da sanin inda kake tsaye. Ana auna ƙiba da abin da ake kira BMI, lissafin ba wuya, nauyinka a kilo zaka raba da tsayinka a mita sau kansa. Misali mutum mai kilo 118 da tsayin mita 1.68, ka ninka 1.68 da 1.68 ya baka 2.82, ka raba 118 da shi, ya fito kusan 42. Tun 1991 ƙa'idar da cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta kafa itace ana duba yiwuwar tiyata in BMI ya kai 40, ko 35 in akwai wata cuta da ƙibar ta jawo kamar ciwon suga ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi a cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan tiyatar suka sassauta, suka ce daga 35 ko babu wata cuta, daga 30 kuma in akwai ciwon suga nau'i na biyu da makamantansa. Ba ko'ina ne suka koma sabuwar ƙa'idar ba, dan haka ka tambaya wacce ake bi a inda zaka je.

Sai maganar kalori. Kalori dai ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci ne, giram ɗaya na sitaci ko suga yana da 4, giram ɗaya na furotin 4, amma giram ɗaya na mai ko kitse 9 ne, ka riƙe wannan lambar ta ƙarshe dan zamu dawo kanta. Tsarin ƙarancin kalori na yau da kullum shine ka rage kamar 500 zuwa 750 daga abin da jikinka yake ƙonawa a yini, wanda yawanci yake faɗawa tsakanin 1200 da 1500 ga mata, 1500 da 1800 ga maza. Da wannan mutum yakan sauke rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Nasan zakace kaɗan ne, nima haka nace, amma ka ninka shi da wata shida ka gani.

Akwai kuma ɗaya tsarin mai tsanani, kalori 800 ko ƙasa da haka a yini, wanda yawanci ba abinci ake ci ba, wani garin haɗi ne na musamman da ake damawa a sha, an zuba masa furotin da bitamin daidai buƙata. Wannan ba abin da zaka tashi da safe ka fara da kanka bane dan ka gani a TikTok, sai da sa idon likita, kuma galibi ba a wuce sati 12. Yana aiki kam, wani bincike da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT wanda Farfesa Roy Taylor da Farfesa Mike Lean suka jagoranta aka fitar da sakamakonsa a 2017 ya ɗora masu ciwon suga kan kalori 800 da ɗoriya na wata uku zuwa biyar, bayan shekara ɗaya kusan rabinsu sugansu ya dawo daidai ba tare da magani ba, waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 cikin 100 ne suka samu haka. Amma fa ka lura mutanen nan ana bibiyarsu, an tsayar musu da magungunan suga da na hawan jini tun ranar farko, ana auna su akai akai. In kana allurar insulin ko kana shan ƙwayar suga irin su gilibenkilamid ka zabge abincinka haka kawai ba a rage maka maganin ba, suganka zai iya faɗuwa ƙasa warwas ka yanke jiki ka faɗi, haka maganin hawan jini ma sai kaga jiri na ɗibanka duk ka miƙe tsaye. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, duk ba nasu bane.

Toh yanzu aikin kansa. Satin farko kar ka canza komai, kawai ka rubuta. Ka samu ƙaramin sikelin kicin da littafi ko wata manhaja a waya, duk abin da ya shiga bakinka ka auna ka rubuta, har ɗan ɗanɗanon da ake yi a bakin tukunya da ragowar abincin yara da kake jin asara ne a zubar. Ni abin da ya bani kunya mai ne. Na saba in kama galan in tsiyaya a tukunya da ido, ranar da na ce bari in tsiyaya irin yadda na saba amma a cikin kofi sannan in ƙirga da cokali, cokali shida ya fito, kowane babban cokali kuwa kusan kalori 120 ne, kenan sama da 700 sun shige tukunya tun ban fasa ƙwai ba. Ga lemon gwangwani guda ɗaya kusan 140, kuma baya ƙosarwa ko kaɗan, ka sha biyu da rana ɗaya da dare ka tashi da 400 da wani abu alhali cikinka na ce maka baka ci komai ba. Yawancin mutane in suka gyara mai da abin sha mai zaƙi kaɗai sun kusa cike giɓin 500 ɗin nan tun ba su taɓa farantinsu ba.

Sati na biyu sai ka gyara farantin. Rabinsa ganye da kayan lambu, kwata furotin wato kifi, kaza ba fata, ƙwai, wake, nama mara kitse, yogot mara suga, sauran kwatan kuma shinkafa ko dankali ko burodi ko duk wani mai sitaci. Ka fara cin furotin ɗin, sannan ganyen, sitacin ya zo ƙarshe. Dalili biyu ne, furotin yafi daɗewa yana riƙe ciki, sannan in kana rama ba kitse kaɗai jiki ke ci ba har tsoka yake haɗawa, furotin da ɗan motsa jiki mai sa tsoka aiki su ne ke rage wannan asarar. Tafiya ma ta isa a farko, minti 150 a sati ake so, wato rabin awa sau biyar, in gwiwa na ciwo ka raba ta minti goma goma.

Ga wani abu da naga ba a cika faɗa ba, ka fara koyon cin abinci irin na wanda aka riga aka yi wa aikin tun yanzu. Loma ƙarama, tauna sosai har ta zama kamar kunu a baki, ajiye cokali tsakanin loma da loma, cin abinci ya ɗauke ka minti 20 zuwa 30, kar ka sha ruwa tare da abinci, ka bari sai bayan kamar rabin awa, sauran yinin kuma ka dinga kurɓa a hankali har ka kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wallahi wannan na rashin korawa da ruwa yafi bani wahala akan yunwar kanta, hannuna da kansa yake zuwa neman kofi, sai da na daina kawo ruwa kusa da inda nake cin abinci gaba ɗaya. In ka kasa wannan yanzu da cikinka yake cikakke, gara ka gano haka tun kafin a yanke, dan bayan aikin rashin kiyayewa amai ne da ciwo.

Kar sikeli ya ruɗe ka. Satin farko zaka iya ganin kilo biyu ko uku sun tafi ka fara murna, mafi yawansa ruwa ne, jiki na ajiye suga a hanta da tsoka kuma kowane giram nasa na riƙe da ruwa kamar giram uku, da an ƙone shi ruwan sai ya bi fitsari. Bayan nan abin zai lafa, wani satin ma ya tsaya cak. Wajen wata na shida kusan kowa yake cin karo da tsayawar nan, ba lalacinka bane, jikin da ya ragu kalorin da yake ƙonawa ma ya ragu, ga sinadaran yunwa sun ƙaru suna ta ƙwanƙwasa maka. Auna kanka sau ɗaya a sati, rana ɗaya, da safe bayan ka zaga, ka haɗa da awon ƙugu da tef. Taurin bayan gida, jin sanyi, ɗan ciwon kai a kwanakin farko da zubar gashi bayan wata uku ko huɗu duk ana gani. Wanda ba a wasa da shi shine ciwo mai tsanani a saman ciki ɓangaren dama musamman bayan cin maiƙo, rama da sauri na haifar da tsakuwa a matsarmama, wannan asibiti za a nufa.

Ka ba kanka wata uku zuwa shida, burin farko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka, ga mai kilo 118 ɗin can kilo 6 zuwa 12 kenan, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin yana sauke suga da hawan jini a zahiri. Daga nan sai a zauna a duba. In nauyin na sauka, magunguna na raguwa, kuma kana jin zaka iya rayuwa a haka, ƙila ka jinkirta tiyatar. In kuma ka sha saukewa yana dawowa har da riba, shekara da shekaru, ga suga na cin ido da ƙoda, toh ni a ganina ba abin kunya bane ka yarda a yi, masu cewa tiyata hanyar ragwaye ce basu taɓa ganin wanda aka yi wa yana fama da cokali uku na abinci ba. Gaskiyar magana rage cin abinci kaɗai da wuya ya riƙe babbar rama na shekaru ga mai ƙiba sosai, tiyata kuwa takan sauke kashi 25 zuwa 30 na nauyi kuma mafi yawansa ya zauna. A tsakiya akwai alluran rage ƙiba na zamani, Wegovy da aka amince da ita a Amurka a 2021 tana sauke kamar kashi 15, Mounjaro da 'yar uwarta Zepbound sukan kai 20, sai dai da an daina nauyin yakan dawo, ka tambayi likita ko sun dace da kai.

Ayyukan da aka fi yi biyu ne. Na farko wanda ake kira silib, ana yanke kusan kashi 80 na tumbin a cire, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba, kuma ɓangaren da aka cire nan ne ake samar da mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa, shi yasa yunwar ke raguwa, amma ba a mayar da ɓangaren da aka cire kuma aikin yakan tsananta ƙwannafi. Na biyu baifas, wanda Dakta Edward Mason ya fara a Iowa ta Amurka a shekarun 1960, ana ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi a jona shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Yafi ƙarfi akan ciwon suga da ƙwannafi, amma in ka sha zaƙi zaka ji zuciya na bugawa, gumi, jiri da gudawa, kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak sun haramta gareka saboda gyambon ciki. Duka biyun bitamin ne har ƙarshen rayuwa, B12, sinadarin ƙarin jini, kalsiyam, bitamin D, da gwajin jini duk shekara, da furotin aƙalla giram 60 kullum. 'Yar uwa in kina son haihuwa ki sani ana so ki jira wata 12 zuwa 18 bayan aikin kafin ɗaukar ciki, kuma haihuwar takan buɗe da sauri da zarar an fara rama, dan haka a yi maganar tazara tun kafin aiki. Mai shan taba kuma sai ya daina aƙalla sati shida kafin ranar.

In an sa rana, akwai wani tsarin abincin na sati biyu zuwa huɗu kafin aikin, kalori 800 zuwa 1000, sitaci da mai kaɗan ƙwarai. Wannan ba dan sikeli ake yinsa ba, dan hanta ne. Hanta tana kwance ne akan saman tumbi, ta mai ƙiba kuma ta kumbura da kitse da suga, aikin kuwa ta ƙananan huji ake yinsa da kyamara, dole sai an ɗaga hantar kafin a ga wurin yanka. In ta yi girma ta yi nauyi sai ta tare hanya ko ta tsage ta yi jini, har akan fasa aikin bayan an riga an sa mutum barci. Dan haka shagalin bankwana da abinci da wasu ke yi ana saura kwana biyu, su ci su ƙoshi wai na ƙarshe, yana iya rusa wahalar sati biyun nan a zama ɗaya.

Ranar komawa wajen likita ka tafi da littafin nan da kake rubuta abincinka da awon kowane sati, da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu. Ka tambaye shi wane aikin ya ga yafi dacewa da kai da dalili, sau nawa yake yinsa a shekara, me ake yi in ɗinkin ya yi yoyo ko jini ya ɓalle bayan an sallame ka, wa zaka kira da tsakar dare, kuma wa zai dinga duba jininka nan da shekara biyar. Ni nawa littafin har shafin da na rubuta cokali shida na mai ɗin nan ban yage ba, da shi zan tafi.