Yadda Ake Samun Hoto Garau da Gilashi Mai Faɗin Gani

Mai hoton da ya tsaya a bakin gonakin shinkafa na Kura ko Kadawa, yana son ya haɗa hanyar ruwa da shuka da sararin sama a hoto guda, gilashi mai faɗin gani zai ɗaura wa kyamararsa, wato wanda lambarsa take daga 35mm zuwa ƙasa, irin su 24mm da 16mm. A ɗan allon kyamara komai yakan fito tsaf, sai an buɗe hoton a kwamfuta ko an wanke shi babba sannan a tarar shinkafar da ke gaba ta yi dishi-dishi.

Galibi daga wurin saita fokas, wato nisan da kyamara za ta fitar garau, matsalar take tasowa. Mutane sukan saita shi can a kan bishiyoyin da ke ƙarshen gani, alhali wannan gilashi ya fi ba da amfani idan an saita shi kusa. Idan kyamararka mai cikakken sensa ce, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta babba ne, gilashin yana kan 24mm, ƙofar haske, wato kafar da haske ke bi ta cikin gilashin, kuma tana f/8, to ka saita fokas a kan abin da ke nisan kamar mita 2.4, daga mita 1.2 har iyakar gani duk zai fito. A kan ƙananan Canon da Nikon masu gilashin 18-55mm, waɗanda aka fi gani a hannun masu hoton biki, idan ka tsaya a 18mm da f/8, nisan ya koma kamar mita 2. Ba sai ka ɗauko abin awo ba: ka ƙiyasta taku huɗu, ka nemi kunyar gona ko dutse a daidai nan. Gara ka zarce kaɗan da ka gaza, domin idan ka gaza, abin da ke nesa ne zai lalace. Daga nan ka ƙara girman hoton a allo ka tabbatar, sannan ka mayar da fokas na hannu don kada kyamara ta sauya maka shi.

Ƙofar haske ka bar ta tsakanin f/8 da f/11. Wasu sukan matse ta har f/22 da zaton hoton zai ƙara fitowa, amma haske yakan bazu idan ya ratsa ƙaramar kafa, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ɗigon ƙurar da ke kan sensa kuma ya bayyana a sararin sama.

Sai rawar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ta ce, a tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ta ɗauki hoto, 1/30 na daƙiƙa ya wadatar ga 24mm, amma ni ban cika amincewa da abin da ya gaza 1/125 ba, a kasuwar dabbobi irin ta Maigatari kuwa, inda shanu da mutane ba sa tsayawa, 1/500 ya fi. Idan haske ya yi ƙaranci, ka ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 800, don ɗan tsakuwa-tsakuwan da yake kawowa a hoto ya fi hoton da ya girgiza. In babu maɗori mai ƙafa uku, buhun hatsi ko katanga sun isa. Ka kunna jinkirin daƙiƙa 2 ka janye hannunka.

Akwai abin da saiti ba ya gyarawa. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana dusashe duk abin da ke nesa, haka ma tururin zafi da tsakar rana a lokacin bazara. Safiyar da ta biyo bayan ruwan sama ita ce ta fi, saboda iska ta wanku. Ƙurar da ta hau gilashi kuma a fara hure ta da famfon roba kafin a goge da ƙyalle mai laushi. Gogewa da hannun riga tamkar gurza yashi ne a kan gilashin.

A hoton taro, kada ka ajiye fuskar kowa a can gefe, domin gefen wannan gilashi yana jan siffa, kuma bai kai tsakiya fitowa ba. Ka ja da baya taku biyu, ka bar fili hagu da dama, in ya so ka yanke shi daga baya.