Yadda za ka zaga da baƙon da ba Musulmi ba a Garwa da Ngaundare na ƙasar Kamaru

Tun kafin ya taso, faɗa masa ya yi biza, ya kuma riƙo katin allurar rigakafin cutar shawara, don ana tambayarsa a filin jirgi. Da isowarsa a kai kwafin fasfo ofishin 'yan sanda a buga hatimi. Wannan kwafin zai riƙa miƙawa a shingen jandarma. Kada ya ɗauki hoton soja, filin jirgi, gada ko ginin gwamnati. Ana ƙwace waya a kan haka, kuma kai ɗan jagora za a fara tuhuma. Idan zai ƙetara daga garin Kusiri na bakin iyaka zuwa Njamena, dole ya yi rajista wurin 'yan sandan Cadi cikin awa 72.

Sai tufafi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, shi ya sa baƙo yake son gajeren wando. Saya masa doguwar riga ta auduga mara nauyi, ta fi sanyi ma. Mace ta rufe kafaɗa da gwiwa, ta ajiye gyale a jaka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙofar gida. Baƙo yakan ga ƙofa a buɗe ya kutsa kai. Koya masa ya tsaya a zaure, ya yi sallama, ya jira mai gida. Namiji ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo. Kada ya miƙa wa matar aure hannu, gaisuwar baki ta isa. Idan an kawo tuwo, ya wanke hannu, ya ci da dama, daga gabansa. In an ba shi ruwa, ko kurɓa ɗaya ya yi, ƙin karɓa yana ɓata ran mai gida ƙwarai.

A fadar Lamiɗo a Ngaundare a nemi iso tukuna wurin dogarai. A cire takalmi inda suka nuna, a rusuna, kada a miƙa wa sarki hannu sai shi ya fara. Hoto sai an tambaya, haka ma shiga masallaci.

Ranar Juma'a kada ku sa tafiya tsakar rana, don sahu yakan fito har kan titi, kuma ba a ratsa gaban mai salla. Da azumi ya ci abincinsa a masauki, sigari ma a ɗaki.