Darasi na 9: Maganin Fitar da Ruwa Daga Jiki

Idan zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, ko ƙoda ko hanta ta sami matsala, ruwa yakan taru a jiki. Ƙafafu su kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ka danna ƙwauri da yatsa, ka ga rami ya zauna. Wani ma ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasan kai, saboda ruwa ya kai huhu.

Maganin da likitoci suka fi bayarwa shi ne furosemide, wanda aka fi sani da Lasix. 'Yar ƙwaya ce, yawanci mai miligiram 40, akwai kuma ta allura. A ƙoda yake aiki. Ƙoda tana tace jini, sannan ta maido da yawancin gishirin da ta tace. Shi wannan magani hana ta maidowar yake yi. Gishiri ya fita cikin fitsari, ruwa ya bi shi.

Cikin awa ɗaya fitsari zai fara matsa maka, ya ɗauki kamar awa 6. Don haka a sha da safe. Wanda ya sha bayan isha'i, barci sai dai a ji a salansa.

Amma fa maganin ba ya warkar da tushen ciwon, ruwa kawai yake ragewa. In ana sha ana kuma zabga gishiri da dunƙule a miya, an yi aikin baban giwa. Kanwa ma dangin gishiri ce. Likitoci a Zariya sun daɗe da lura cewa yawan kunun kanwa yana da hannu a kumburi da ciwon zuciyar masu jego. Hajiya, a sassauta wa mai jego.

Maganin yana zubar da potassium, wani sinadari a jini da zuciya da tsoka ke buƙata, shi ya sa ake gwajin jini lokaci-lokaci. In ka ji jiri, kasala, ɗaurewar jijiya ko bugun zuciya, koma asibiti. Haka in gudawa ko amai ya kama ka. Kada ka haɗa shi da magungunan ciwon jiki ibuprofen ko diclofenac, suna rage ƙarfinsa, suna wahalar da ƙoda. Kafin azumi, tambayi likita lokacin sha.

Mai ciki da ƙafarta ta kumbura kada ta saya a kemis. Ta je awo a duba hawan jini.