Kafin ki karɓi sabuwa a adashe

Uwar adashe, kar ki bar ƙofa a buɗe, balle yanzu da ake zubi ta waya ba a ga fuskar juna. Duk mai son shiga, sai wata tsohuwar 'yar adashe ta tsaya mata, ta yarda za ta cike in zubi ya tsaya. Ki kira lambar da kanki, ki ji murya, ki tambayi unguwa da sana'a. Ki duba sunan asusun da za ta riƙa turo kuɗi; in ya saɓa da wanda ta faɗa, a dakata tukuna. Kuma sabuwa ba ta kwasar farko, ko da biki ta kafa hujja. Wadda ta ji haushi, ni dai a sallame ta lafiya.