Darasi: Zaɓen Taya da Safaya ga A-kori-kura Mai Shiga Daji

Motar a-kori-kura da ke bin hanyar burji, ta ratsa yashi da taɓo da duwatsu da kaya a bayanta, tana cin taya fiye da motar da ba ta sauka daga kwalta. Saboda haka wajibi ne mai irin wannan mota ya iya karanta rubutun da ke jikin taya kafin ya sayi sabuwa.

Ku duba gefen taya, za ku ga lambobi kamar haka: 265/70 R17. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 265. Ta biyu tana nuna tsayin gefenta, wato kashi 70 cikin 100 na faɗin. Harafin R yana bayyana yadda aka shimfiɗa zaren cikinta, 17 kuma girman ƙarfen da ake ɗora ta a kai ne, inci 17. Bayan waɗannan akan ga lamba da harafi, misali 115S. Lambar 115 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,215, harafin S kuma na nufin kada gudu ya wuce kilomita 180 a awa. Girman da kamfanin mota ya tsara da yawan iskar da ta dace suna rubuce a wata 'yar takarda da akan manna a jikin ƙofar direba, kuma kada ku sayi tayar da ƙarfin ɗaukar kayanta ya gaza abin da aka rubuta a can. Wadda aka sa wa haruffan LT an yi ta ne domin ƙananan motocin kaya, jikinta ya fi kauri, ta fi jure sukar dutse da kututture.

Zanen taya iri uku ne. Mai alamar HT ta kwalta ce. Mai alamar MT tana da manyan haƙora masu kama taɓo, sai dai tana da ƙara a kan kwalta, tana kuma ƙara shan mai. Mai alamar AT tana tsakaninsu, kuma a ganina ita ta fi dacewa da wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, rabi daji.

Inda masu mota suka fi sakaci shi ne safaya. Da yawa suna ɗaukar ta a matsayin tayar fita kunya, sai su rataye kowace sudaddiya a ƙarƙashin mota, alhali a daji ake buƙatar ta, inda babu mai faci kusa. Dole ne safaya ta yi daidai da sauran huɗun a girma da ƙarfi, kuma ga dalili. Tayar 265/70 R17 tsayinta kusan milimita 803 ne, ita kuwa 245/70 R17 kusan 775. A ido bambancin kaɗan ne, amma a kowane juyi nisan da babbar ke ci ya fi na ƙaramar da kusan santimita 9. Idan aka sa giyar da ke juya ƙafafu huɗu tare, ƙafa ɗaya tana son yin sauri, sauran suna riƙe ta, wannan ja-in-ja kuwa a kan haƙoran giya yake ƙarewa, kuma gyaransu ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba. Wanda ya ƙara wa motarsa girman taya, to ya sayi biyar, ya kuma gwada ko ta biyar ɗin za ta shiga mazauninta, domin sau da yawa wurin ba ya ɗaukar babbar taya.

Taya tana tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, saboda roba tana bushewa ta tsattsage. Ku nemi haruffan DOT, ku karanta lambobi huɗu na ƙarshe: 2322 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Kamfanonin taya da dama suna ba da shawarar a riƙa kai ta wurin gwani duk shekara idan ta kai shekara 5, a kuma cire ta idan ta cika 10, komai kyan zanenta. Zanen da zurfinsa ya ragu zuwa milimita 1.6 ya ƙare, kuma a taɓo yakan daina kamu tun kafin ya kai haka.

Idan hali bai ba da damar canza duka ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, domin idan tayoyin baya suka zame a jiƙaƙƙiyar hanya, sitiyari ba ya iya dawo da motar cikin sauƙi. A riƙa auna iskar safaya duk wata, da safe kafin a tuƙa motar, a kuma sauke ta lokaci-lokaci a shafa mai a sarƙar da ke riƙe da ita, saboda tsatsa da busasshen taɓo kan hana ta saukowa.

Aikin yi: ku je wurin wata a-kori-kura, ku kwafe lambobin tayoyinta biyar a littafinku, ku rubuta shekarar da aka yi kowacce, sannan ku faɗa wa malami ko safayar ta dace da sauran.