Yadda ake saka Python a wayar Android a yi aiki da shi

Cikin matasan da na zaunar da su don koyon Python, masu laptop ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawansu waya ce kaɗai a hannunsu, wata ma gilashinta ya tsage. Kuma wayar ta isa. Android a kan Linux aka gina shi, don haka tafintan Python, wato manhajar da ke karanta rubutunka layi-layi tana aikatawa, yana zama a cikinta lafiya lau. Abin da ke kayar da mutane shi ne wurare biyu ko uku da suke tuntuɓe tun ranar farko, sai su ce wayarsu ce ba ta ɗauka.

Da Termux za mu yi aiki, wato manhajar da ke ba ka allon rubuta umarnin Linux a cikin waya. Akwai Pydroid 3, wata manhajar Python ta waya, yana da sauƙin farawa, amma ni ba na ɗora ɗalibi a kansa, domin wanda ya saba da Termux duk ranar da ya samu kwamfuta mai Linux ba zai ji baƙunta ba.

Fara da sauke shi daga inda ya dace. Shiga f-droid.org ka nemo Termux, ko ka ɗauko daga shafinsu na GitHub. Tun 2020 aka daina sabunta tsohon da ke Play Store saboda ƙa'idojin da suka zo da Android 10, wanda aka ɗora daga baya kuma masu Termux da kansu na gwaji suke kiransa. Wayarka ta kasance Android 7 ko sama. Inda ka ɗauko shi, can za ka riƙa ɗauko 'yan'uwansa irin su Termux:API, saboda hatimin tsaro da ake buga wa manhaja na F-Droid daban yake da na GitHub, waya ba za ta yarda a gauraya su ba.

Kafin ka ci gaba, ka tanadi data. Wannan aikin yana cin ɗaruruwan MB, don haka ka jira datar dare ko ka je inda ake da wifi. Ka kuma bar aƙalla 1GB a ma'ajiyar waya.

Ka buɗe, za ka ga baƙin allo da alamar dala. Rubuta wannan ka danna Enter:

pkg update && pkg upgrade

Idan ya tsaya yana tambayarka game da wani fayil na saiti, danna Enter kawai ya wuce. Idan ya ƙi saukewa alhali kana da intanet, rubuta termux-change-repo ka zaɓi wata sabar. Kada ka tsallake wannan matakin don tsimin data. Rabin kurakuran da ake turo min hotonsu daga nan suka samo asali. Bayan ya gama:

pkg install python

Zai jawo wasu kaya tare da shi, ciki har da clang, mai gina manhajojin da aka rubuta da yaren C, shi ya sa yake da nauyi. Ya kammala, rubuta python. Ganin alamar >>> yana nufin tafinta ya zauna yana jiranka. Ba shi 25 * 4 ka ga ya ba ka 100, sannan ka fita da exit(). Maɓallin rage murya shi ne Ctrl a Termux: riƙe shi ka danna c, duk abin da ya maƙale zai tsaya.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, don nan ne aka fi faɗuwa, ni ma nan na faɗi.

Termux yana da gidansa na kansa a cikin waya, can cikin /data/data/com.termux/files/home. Manhajar duba fayil ta wayarka ba ta shiga can kai tsaye, shi ma Termux da farko ba ya ganin hotunanka ko jakar Download. Gida biyu ne da katanga a tsakani. Na ga wani yaro da ya rubuta lissafin ribar shagon babansa, ya adana shi da suna lissafi.py, yana kallon fayil ɗin da idonsa a cikin Download. Ya koma Termux ya rubuta python lissafi.py, allo ya ce masa No such file or directory. Sau uku yana goge Termux yana sake saukewa, datarsa ta sati ta ƙare a kan haka. Da ya kawo min wayar, umarni ɗaya ne ya rage bai bayar ba:

termux-setup-storage

Waya za ta nemi izini, ka ba ta. Daga nan jaka mai suna storage za ta bayyana a gidan Termux, a cikinta akwai ƙofofi: downloads tana kai ka Download, dcim tana kai ka hotunan kyamara, shared kuma tana buɗe ma'ajiyar waya gaba ɗaya. Sai ka shiga:

cd ~/storage/downloads

Ka mayar da wannan ɗabi'a: kafin ka kira kowane fayil, rubuta pwd ka san inda kake tsaye, ka rubuta ls ka ga abin da ke gabanka. Idan sunan bai fito a ls ba, Python ma ba zai gan shi ba. Ka kalli sunan da kyau kuma. Wasu manhajojin rubutu suna liƙa wa fayil wutsiya ya koma lissafi.py.txt ba tare da ka sani ba, a gidan Termux kuwa Lissafi.py da lissafi.py abubuwa biyu ne daban.

To a wane gida za ka riƙa aiki? A na Termux. Ma'ajiyar waya ba ta barin a ba fayil izinin gudana da kansa, umarnin chmod +x da ke ba da wannan izini ba ya yin komai a can, venv ma, wato keɓaɓɓen wurin kayan Python na aiki ɗaya, yakan ƙi kafuwa saboda ba ta karɓar symlink, wato fayil ɗin da ke nuni zuwa wani. Ka buɗe jakarka da mkdir ~/aiki, ka kwaso abin da kake so da cp, umarnin kwafe fayil. Amma ka sani cewa duk abin da ke gidan Termux ransa a hannun manhajar yake. Ranar da ka cire ta, ko ka danna Clear data, komai ya tafi, babu kwandon shara da za ka tono shi. Ni wata rana waya ta cika, na shiga saiti ina share manhajoji masu nauyi ɗaya bayan ɗaya, na haɗa da Termux. Darussan da na yi makonni ina shirya wa ɗalibai suna ciki. Na buɗe na rubuta ls, bai nuna min komai ba. Har yau ina jin zafin abin, shi ya sa ba na barin ɗalibi ya tashi daga zama sai ya rubuta wannan a gabana:

cp -r ~/aiki ~/storage/shared/

Daga can ka tura wa kanka a Telegram ko ka ɗora a Google Drive. In ka iya git, manhajar adana tarihin fayiloli, ya fi.

Rubutu kuma da nano za ka yi, manhajar rubuta fayil a cikin Termux: pkg install nano in babu shi, sai nano gaisuwa.py. Ctrl da o yana adanawa, Ctrl da x yana fita. Kada ka rubuta shirinka a WhatsApp ko manhajar rubutun wasiƙa sannan ka kwafo, domin wasu suna lanƙwasa alamar zance, Python kuma zai ce invalid character alhali a ido komai daidai yake. Mu masu rubuta Hausa muna da namu tarkon na daban. Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ ba gardama, amma gwada print('sana'a') ka gani: alamar da ke tsakiyar kalmar ta rufe zancen tun kafin ya ƙare, sai SyntaxError. Haka ma'aikaci, haka 'ya'ya, haka jama'a. Doka ce a ajina, rubutun Hausa a cikin alamar zance mai biyu yake zama, print("sana'a"). In kana da 'yan kuɗi, sayi ƙaramin kibod na Bluetooth ko na USB da kan OTG, ko na hannu ne. Yatsa biyu a kan gilashi suna gajiyar da mutum kafin ya kai layi 50.

Sai batun pip, umarnin da ke sauko wa Python ƙarin kaya. Ƙananan kaya irin su requests suna shiga ba matsala da pip install requests. Manyan da aka rubuta da C su ne ke wahalarwa, domin shiryayyun da ake rabawa don Linux na kwamfuta ba sa dacewa da Android, sai pip ya kama gina su daga tushe, waya ta yi zafi, caji ya zube, ƙarshe ya faɗi. Duba wurin Termux tukuna: pkg install python-numpy ya gama maka numpy cikin 'yan mintuna. Kada ka ce za ka sabunta pip da pip, Termux zai hana ka, pkg upgrade ne ke yin wannan.

Idan kana tsakiyar aiki ka ga Process completed (signal 9), Android ne ya kashe shi, an fi ganin haka daga Android 12 zuwa sama. Rubuta termux-wake-lock, ka shiga saitin batir ka cire Termux daga cikin manhajojin da ake takurawa, kada kuma ka buɗe tagogin Termux da yawa a lokaci guda. Wannan yana rage matsalar sosai.

In kana so ka tabbatar komai ya zauna, shiga ~/aiki ka rubuta python -m http.server 8000, sannan ka buɗe Chrome a wayar ka shiga localhost:8000. Za ka ga sunayen fayilolinka a jere. Koma Termux ka riƙe maɓallin rage murya ka danna c don tsayar da shi.